Yadda Yayana Ya Ƙara wa Shaidar Mutane Gishiri

Yayana ya je bitar marubuta ta kwana biyu, ya dawo da satifiket mai zanen fure a gefe, daga ranar kuwa ba wanda ya sake hutawa a gidanmu. Ya sa satifiket ɗin a firam, ya rataye a shagonsa daidai saman injin kwafi, yadda duk wanda ya shigo dole ya gani. Aikinsa dama buga wa mutane takardu a kwamfuta ne, da yin kwafi. Amma tun da ya dawo ya ce a daina ce masa mai shago, sunansa Edita. Ni ce autar gidanmu, malamar firamare, kuma na fi kowa shan wahalarsa, domin ko saƙon waya na tura masa sai ya dawo mini da shi da gyara.

Ina son Yayana, kada a ce ban faɗa ba. Yana da kyauta, ba ya riƙe mutum a zuciya. Illarsa ɗaya ce, bai taɓa ganin abin da ya isa a bar shi yadda yake ba.

Wata Lahadi bayan wa'azi, Fasto ya ce yana so 'yan ikilisiya su fara rubutu. Ya ce Ubangiji ya yi wa kowa alheri, ana faɗa da baki, bayan shekara biyu an manta. Kowa ya rubuta shaidarsa, shafi ɗaya tak, a haɗa su a ɗan ƙaramin littafi, nan da mako huɗu a karanta a gaban jama'a.

"Abin da nake nema," in ji Fasto, "wanda zai buga mana su, ya kuma ƙarfafa wa masu rubutun gwiwa. Yawancinsu wannan ne karonsu na farko."

Bai rufe baki ba Yaya ya miƙe yana gyara kwalar riga.

"Baba Fasto, an gama. Ai saboda wannan rana aka tura ni bita. Ku ba ni mako huɗu, zan fitar muku da littafin da za a nema daga ƙasashen waje."

"Bugawa kawai, ɗana."

"Bugawa da ɗan shafe-shafe."

"Bugawa kawai," Fasto ya sake cewa, amma Yaya ya riga ya juya yana ɗaga wa jama'a hannu.

Mutum goma sha ɗaya suka ba da suna. Wadda ta fi damuna a cikinsu ita ce Goggo, ƙanwar babanmu. Goggo ba ta taɓa shiga aji ba sai da ta haura shekara sittin da biyar, ta zo ajin manya da nake koyarwa ranar Asabar. Shekara biyu muna fama kafin hannunta ya saba da fensir. Har yanzu in tana rubutu takan danne shi da ƙarfi, sai ka ga sawun harafi a shafi uku na ƙasa. Da ta ba da suna, ta ja ni gefe a bakin ƙofar coci.

"Auta, zan rubuta. Amma ki ji ni da kyau. In aka yi mini dariya, na ajiye fensirin nan ke nan har in mutu. Na tsufa da a mayar da ni abin wasan yara."

Na san Goggo. In ta ce ta ajiye abu, ta ajiye. Shi ya sa tun daga ranar gabana yake faɗuwa duk sa'ad da na ji Yaya ya ce "littafina".

Ranar Asabar ta biyu ya tara marubutan a ɗakin da yara ke karatun Lahadi. Manya-manyan mutane suka zauna a kan ƙananan bencina, gwiwoyi har ƙirji. Yaya ya tsaya a gaban allo da alli a hannu, biro uku a aljihu.

"Shaida mai kyau," in ji shi, "kujera ce mai ƙafa uku. Zunubi mai nauyi. Hatsari mai firgitarwa. Al'ajibi mai sa kuka. In ƙafa ɗaya ta rasa, mai karatu zai faɗi. Kai, makanike, karanta mana naka."

Makanike mutum ne mai sanyin hali, garejinsa yana bayan kasuwa, kuma rabin motocin 'yan coci shi ke duba su. Ya warware takarda mai tabon baƙin mai, ya karanta a hankali. Ya ce a da yakan wanke tsohon fulogi da fetur, ya mayar wa mai mota, ya ce masa sabo ne. Wata rana ya ji wa'azi, abin ya tsaya masa a rai, ya bi mutanen ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu gaskiya. Ya zaci za su gudu, sai ga shi sun ƙara yarda da shi.

Ni dai na ji daɗin rubutun. Yaya kuwa ya yatsine fuska.

"Zunubin naka ke nan? Fulogi?"

"Shi ne, Malam Edita. Shekara biyu yana damuna."

"Haba. Wa zai tuba saboda fulogi? Ba ka taɓa yin wani abu mai ɗan girma ba? Ko dukan wani?"

"Na taɓa marin ƙanena muna yara."

"Ya suma?"

"Ya rama."

Yaya ya karɓe takardar yana girgiza kai. "Bar mini. Akwai abu a ciki, sai dai yana barci. Zan tashe shi."

Sai aka zo kan wata nas 'yar cocinmu. Ita ta rubuta ranar da ake sharar harabar coci, mai gadinmu ya yanke jiki ya faɗi a rana. Ta ce duk shekarun da ta yi tana aiki, ranar ce ta fara tsorata, domin mutum ne da ta sani. Ta yi addu'a a zuciya, ta yayyafa masa ruwa, ta ɗaga ƙafafunsa, ya farfaɗo.

"Suma ya yi ko mutuwa?" Yaya ya tambaya.

"Suma."

"Kin tabbata? Kin duba sosai?"

"Shekarata goma sha biyu a asibiti, Malam Edita."

"To ai a harkar rubutu, tsakanin suma da mutuwa taku ɗaya ne. Kawo."

Haka ya bi su duka. Mai sayar da ƙwai da ta rubuta yadda ta yafe wa maƙwabciyarta, ya ce yafiyar ta yi sauri. Direban bas da ya rubuta yadda ya daina zagi a kan hanya, ya ce babu jini a labarin. Kowa ya shigo da fara'a, ya koma kallon ƙasa kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa. Wannan shi ne ƙarfafa gwiwa a wurin Yayana.

Goggo ce ta ƙarshe. Ta zo da littafinta mai layi, ta naɗe shi a leda. Mako biyu cur ta yi a kan shafi ɗaya, kuma ko ni ba ta bari na gani ba. Yaya ya buɗe, ya ga haruffan nan manya-manya suna hawa suna sauka, ga wuraren da aka goge har takarda ta yi baƙi. Ko layi ɗaya bai karanta ba, ya kai hannu zai yage shafin.

"Kul!" in ji Goggo. Ta fizge littafinta. "Ba a yaga mini littafi."

"To Goggo, yaya zan buga?"

"Ka zauna ka kwafa, ina nan."

Ya dubi agogo. "Goggo, ni mai ayyuka ne. Gaya mini a taƙaice, a kan me kika rubuta?"

"Wani yaro ne ya yi ciwo. Na goya shi zuwa asibiti. Ubangiji ya tashe shi."

"Shi ke nan! Ya isa. Yaro, ciwo, tafiya. Sauran aikin edita ne."

"Yaya," na ce, "ka karanta mana abin da ta rubuta."

"Auta, ke kina koyar da baƙaƙe ne, ni ina koyar da fasaha. Kowa ya tsaya a layinsa."

Shagon Yaya yana tsakanin mai aski da mai gyaran waya, kuma ba ya rufe ƙofa saboda zafin injin kwafi. Ga shi da wata ɗabi'a, ba ya iya rubuta jimla sai ya karanta ta da ƙarfi ya ji yadda ta zauna. Saboda haka duk makon nan layin shagunan ya sha wa'azi. Mai aski yana riƙe da kan mutum, sai ya ji murya ta bango tana cewa, "Ni makanike, shekara bakwai ina shugabancin 'yan fashi a kan babbar hanya!" Ya tsaya da injin aski a sama.

"Wane makanike?" in ji wanda ake yi wa askin.

"Ai makanike ɗaya ne a cocinsu. Na bayan kasuwa."

"Mai sanyin nan?"

"Irin su ne ai. Dama ni na daɗe ina lura da yadda yake kallon tayar mutane."

Kafin Alhamis an janye motoci uku daga garejin, ɗaya ma ba ta da inji, turawa aka yi. Wata mata da ya gaisar a hanya ta ƙanƙame jakarta ta tsallaka titi. Makanike ya zo shagon Yaya da yamma ya zauna a kan benci, jiki duk a sanyaye. Yaya ya yi wuf ya cire kalanda daga bango ya rufe fuskar kwamfuta.

"Malam Edita, ban san abin da na yi wa mutane ba. Yau har mai shayi ya ce in sha in tafi, ba sai na tsaya hira ba."

"Shahara ce ta fara," in ji Yaya. "Haka ake yi wa manyan marubuta. Mutane suna jin nauyinka."

"To me ya sa ka rufe kwamfuta da kalanda?"

"Ƙura."

Na mai gadi ya fi wannan. Mai gyaran waya ya ji ana cewa "gawar mai gadi ta yi sanyi, an fara neman likkafani", ya koma gida ya gaya wa matarsa. Ita kuwa mace mai zumunci, washegari da safe ta yafa mayafi ta tafi yin ta'aziyya. Ta yi sallama da muryar kuka, ta shiga tsakar gida, ta tarar da mamacin a tsugunne yana wanke kekensa. Ya ɗago ya ce mata sannu da zuwa. Ta kwasa da gudu, takalmanta biyu a nan ta bar su, sai da yamma aka aika mata.

Da labarin ya iso mini, na tafi gidan Yaya kai tsaye. Na same shi a falo yana jera littattafan da ya gama haɗawa. A bangon littafin na gaba hotonsa ne, ya tallabe haɓa da biro, yana kallon nesa. Sunayen marubutan suna can baya, ƙanana kamar rubutun jikin kwalbar magani.

"Yaya, nuna mini na Goggo."

"Sai Lahadi. Abin mamaki ne."

"Mamakin ne nake tsoro. Ka san abin da ta ce. In aka yi mata dariya ta daina rubutu."

"Dariya? Kuka za a yi, Auta. Ni kaina da na karanta sai da na share hawaye."

Matarsa tana gefe tana guga. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ni ma na yi kuka. Sau tara ya karanta mini."

"Kin ji ko?" in ji Yaya.

"Na gajiya ne," ta ce, ta juya rigar.

Na yi tunanin in je in gaya wa Fasto. Sai na tuna cewa Yaya ya ce shi zai karanta duka da bakinsa, marubutan su zauna a gaba kawai a tafa musu. Na ce a raina, to, ko me ya rubuta, kunyar a kansa za ta ƙare, Goggo tana zaune. Wannan shi ne kuskurena, kuma na amsa shi.

Ranar Lahadi coci ta cika har bakin taga, domin labarin ɗan fashi da mamaci ya jawo har waɗanda ba su saba zuwa ba. Mai aski yana benci na baya. Yaya ya sa kwat duk da zafin da ake yi, ya raba littattafan da hannunsa, ya hau gaba ya gyara makirufo.

Fasto ya dafa kafaɗarsa. "Sannu da aiki, ɗana. Zauna ka huta. Kowa zai karanta nasa da bakinsa, ai don haka muka yi."

"Baba Fasto, muryoyinsu ba su horu ba."

"Ubangiji ya saba jin su haka. Makanike, bismillah, zo."

Yaya ya zauna a kujerar gefe, ya ciro hankici.

Makanike ya buɗe littafin yana murmushi, ya samu shafinsa, ya fara. "Ni dai, 'yan'uwa, kafin haske ya same ni, shekara bakwai ina shugabancin..." Ya tsaya. Ya matso da takardar kusa da ido. Ya juya bangon ya duba ko littafin ne. "Ina shugabancin 'yan fashi a kan babbar hanya. Bindigogina goma sha biyu..."

Wata ƙara ta tashi daga ɓangaren mata. Surukarsa ce, ta miƙe ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo ni! Na ba da 'yata ga ɗan fashi! Shi ya sa yake da shiru-shiru!"

"Mama, wallahi fulogi ne!" in ji makanike. "Fulogi kawai na wanke!"

"Bindigogin fa?"

"Ko danƙon harbin tsuntsu ban iya harbawa ba, tambayi 'yarki!"

Matarsa ta ce daga inda take zaune, "Mama, zauna. Mutumin da ni nake kashe masa kyankyaso?"

Dariya ta ɓarke. Yaya ya ɗan miƙe. "Wannan salon adabi ne, jama'a. Fashi a nan yana nufin..."

"Yana nufin motoci uku da aka kwashe mini!" Makanike ya juyo gare shi. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. "Ashe ƙurar da kake rufewa da kalanda ke nan!"

Fasto ya kwantar da hankali da ƙyar, ya kira nas. Ita ta riga ta leƙa shafinta, saboda haka ta fito fuska a ɗaure, ta karanta kamar mai karanta sakamakon gwaji. Ta karanta yadda mai gadi ya cika da misalin ƙarfe goma, yadda aka rufe masa ido, yadda aka aika a fara haƙa kabari, yadda ta tsawata wa mutuwa da murya mai ƙarfi har ganyen bishiyoyi suka zube.

Mai gadi yana benci na uku. Kunnensa ba ya ji sosai, sai da matarsa ta maimaita masa.

"Ni?" ya ce da ƙarfi. "Ni na mutu? Yaushe?"

"Ranar shara, in ji littafi."

"To me ya sa ba wanda ya gaya mini? Har aka haƙa kabari? Wa ya haƙa? A ina?"

"Baba, suma ka yi," in ji nas. "Ban rubuta wannan ba. In shugabata a asibiti ta ga takardar nan, cewa za ta yi ban san bambancin mai rai da gawa ba."

Matar mai gyaran waya ta miƙe a baya. "To ni wa zai biya mini gudun da na yi?"

Yanzu kam har mawaƙa sun kwanta a kan juna don dariya. Mai sayar da ƙwai ta duba nata ta ga an ce ta taɓa zuba wa maƙwabciyarta guba a rijiya, maƙwabciyar kuwa tana zaune kusa da ita, ta ɗan matsa. Direban bas ya ga an ce motarsa ta yi juyi bakwai, ya ce in mai motar ya ji wannan shi kam ya rasa aiki. Gumi ya jiƙa kwat ɗin Yaya har baya. Duk da haka bakinsa bai mutu ba, yana ta cewa a bitar da ya je haka aka ce, rubutu sai da motsi.

Ni ban yi dariya ba. Idona yana kan Goggo. Na yi wa Fasto alama ya tsallake ta, amma bai gani ba, ya kira sunanta.

Ta tashi a hankali, ta gyara zane, ta fito da jakarta a hammata. Aka ba ta littafin a buɗe. Ta ɗora yatsa a kan layin farko, yadda na koya mata.

"A wa... wata ra-na mai... mai tsa... tsa-wa da wal... walƙi..." Ta tsaya. Kalmomin ƙanana ne, kuma ba nata ba ne. "Na tsun... tsunduma cikin ko-gi mai am... ambali..."

"Ambaliya," Yaya ya raɗa daga gefe. "Ci gaba, Goggo, kadoji suna gaba."

"Kadoji?" in ji Goggo.

Jama'a dama cikinsu ya riga ya saki, sai dariya ta sake tashi. Ba ita ake yi wa ba, na sani, amma ita ba ta san haka ba. Na ga yatsanta ya sauka daga kan takardar. Ta rufe littafin, ta ajiye a kan tebur a hankali, ta juya za ta koma wurin zamanta. Na ga wahalar shekara biyu ta ajin Asabar za ta tafi a banza. Na ji haushin Yayana a lokacin yadda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushin kaina.

Makanike ne ya yi magana. Yana tsaye har yanzu a gefe da takardarsa.

"Goggo, kada ki tafi. Mu ma duk ba namu aka buga ba. Naki na gaskiya yana nan?"

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Shi muke so mu ji," in ji nas.

"Rubutuna karkatacce ne," Goggo ta ce. "Za ku yi dariya."

"Mama," in ji Fasto, "wanda ya yi dariyar raini, ni da kaina zan raka shi waje."

Ta juyo. Sannan ta buɗe jaka, ta ciro ledar, ta warware littafinta mai layi. Ta dawo gaban makirufo. Wannan karon yatsanta ya san hanya.

"Da daɗewa, ɗan yayana ya kamu da ƙyanda. Shekararsa uku."

Goggo yaya ɗaya take da shi a duniya, shi ne babanmu, kuma ɗa namiji ɗaya ya haifa. Kawuna suka fara juyawa wajen kujerar gefe.

"Uwarsa tana jego. Babansa ya yi tafiya. Yaron nan mai surutu ne. Da ciwo ya kama shi, ya yi shiru kwana uku. Gidan ya yi mini faɗi. Na goya shi, na tafi asibiti da ƙafa." Ta ɗago ta dubi Yaya ta saman littafin. "Babu kogi. Rana ce kawai." Ta mayar da ido. "Takalmina ɗaya ya tsinke, na riƙe shi a hannu. Ina tafiya ina sauraren numfashinsa a bayana. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, Ubangiji, ka bar mana yaron nan, ka mayar masa da bakinsa. A asibiti aka yi masa allura. Rana ta huɗu ya buɗe ido. Ya dubi nas. Ya ce mata, hularki ta karkace."

Aka yi dariya, amma wata iri ce dabam, kuma Goggo ta ji bambancin, domin gefen bakinta ya motsa. Ta jira aka lafa.

"Ubangiji ya amsa addu'ata, har ya yi mini ƙari. Shekara arba'in ke nan yaron nan bai yi shiru ba. Wani lokaci nakan gaji. Amma duk ranar da na ji muryarsa tun daga ƙofar gida, nakan tuna kwana ukun nan. Sai in ce, na gode. Shi ke nan abin da na rubuta."

Ba wanda ya tafa da farko. Surukar makanike tana share ido da gefen mayafi. Mai gadi yana tambayar matarsa me aka ce, ita kuma ta kasa maimaitawa. Sai wani ya ce amin daga baya, coci duka ta ɗauka, tafi ya biyo.

Yaya ya miƙe. Kowa ya zuba masa ido, ana jiran bayanin salon adabi. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Hankicin yana dunƙule a hannunsa, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Ni da nake jin haushinsa minti biyar da suka wuce, sai ga ni ina kuka saboda shi.

Goggo ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ɗan nan, kada ka daɗe a haka. Ba shirunka na roƙa ba."

Ya taka ya zo gabanta, ya durƙusa da kwat ɗinsa a kan siminti.

"Goggo, ban karanta ba," ya ce.

"Na sani."

"Zan sake bugawa. Na kowa. Yadda aka rubuta."

"Har da inda na goge?"

"Har da shi."

Ta naɗe littafinta a leda, ta mayar cikin jaka, ta ja zif.

"To tashi, kana ɓata wando. Gobe in za ka zo kwafa, ka taho mini da sabon littafi mai layi da fensir biyu. Wannan ya kusa cika, kuma abin da na sani a kanka yana da yawa."

"To, Goggo," in ji Yaya.